Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Riƙon da Ya Ƙi Zama

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda muka dawo Kumasi daga Salaga, bayan addu'ar arba'in ta ƙanwar maigidana, da 'yar marigayiyar, yarinya 'yar shekara tara, a gefena da ƙullin kayanta a leda. Wannan kashin ya fi kowanne yi mini nauyi, domin ko maƙwabtana na Aboabo ba su san rabin abin da zan faɗa ba. Ba zan kama sunanta ba. Yanzu budurwa ce, kuma haƙƙinta ne a rufa mata asiri.

Mu mutanen Zango riƙo ba baƙonmu ba ne. Ni kaina a hannun gwaggona na tashi, ita ta aurar da ni. Ba takarda, ba ofis. Dattawa suka zauna a zaure, aka ce matar Malam ce za ta riƙe ta tun da tana da 'ya sa'arta, aka shafa fatiha. An tambaye ni, amma irin tambayar da amsarta ɗaya ce. Ita yarinyar kuwa ba wanda ya tambaye ta komai. Na karɓe ta da zuciya ɗaya, Allah ne shaida. Tun kafin mu iso na gama tsara yadda zan ɗinka musu kaya iri ɗaya ita da 'yata.

Watannin farko shiru ne. Idan na zuba mata tuwo sai ta juya wa mutane baya, ta fuskanci bango. Ga fitsarin kwance kusan kullum. Wanda ya zauna gidan haya ya san shanya katifa a tsakar gida shela ce, saboda haka kafin kiran asuba nake tashi in wanke, in shanya a bayan ɗaki. A makarantar boko yara Tonanci, yaren Asante, suke yi a filin wasa, ita kuwa Hausa da Gwanjanci ta taso da su. Aka mayar da ita aji ɗaya baya, suka samu abin tsokana. A makarantar allo kaɗai take sakewa, don karatunta ya wuce na 'ya'yana. 'Ya'yana suna ce mini Mma, ita Anti take cewa. Na ce a raina ba komai, lokaci ne zai kawo.

Sai korona ta shigo. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Kumasi da Accra na mako uku, makarantu kuma aka rufe, yara irin namu ba su koma ba sai Janairun 2021. Ciniki ya mutu a kasuwar Kejetia, motar Malam ta kwanta. Mu shida a ciki da falo, dare da rana. A nan ne abin da ke kwance ya tashi.

Na fara tsintar abinci a ƙarƙashin tabarmarta: guntun burodi, ƙosai, ƙullin waakye da ya riga ya yi tsami, ga tururuwa. Kuɗin da nake tarawa a gwangwani suka fara raguwa. In na tambaya sai ta kafe ni da ido, ba eh ba a'a. Wata rana ta ciji 'yata a dantse har jini, a kan buta. Wata rana ta hankaɗe autana ya fasa leɓe a bakin famfo. 'Yata, wadda surutunta ke cika gida, ta koma kwana ɗakin wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Da na je ɗauko ta sai ta ce, "Mma, tun da ta zo ba ki ƙara yi mini kitso da hannunki ba." Gaskiya ta faɗa. Ƙarfina duka ya tafi wuri ɗaya, kuma wurin bai nuna ya ji ba.

Amma duk wannan na waje ne. Abin da ya fi ci na shi ne abin da ke faruwa a cikin ƙirjina. Da kasuwa ta buɗe, sai na ga ina jan ƙafa in zan koma gida. In torotoro, wato motar haya, ta maƙale a cunkoso, mutane na tsaki, ni kuwa ina jin sauƙi. In na ji takunta a bayan ƙofa, gabana ya faɗi. Yarinya 'yar shekara tara, marainiya, jinin mijina, kuma ni babbar mace ina tsoron shiga ɗakina saboda ita. Da dare in na tsaya sallah na kai ayar Suratul Duha da ke hana ƙuntata wa maraya, sai muryata ta sarƙe. Na sha jin hadisin da Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai kula da maraya a Aljanna. Da can in na ji shi a wa'azi daɗi nake ji. A wannan lokacin kuwa in na ji shi sai in sunkuyar da kai, ina tambayar kaina wace irin mace ce ni.

Kuma ba ni da wurin da zan kai wannan magana. Uwar da ta haifi ɗanta tana iya tsayawa a tsakar gida ta ce yaron nan ya ishe ni, mata su yi dariya, su ce nata ma haka yake. Uwar riƙo ba ta da wannan bakin. In na yi mata faɗa, a ce don ba ita ta haife ta ba. In na ƙyale, a ce riƙon sakainar kashi take yi mata. Har nama nake aunawa da ido, in ba ta tsoka mafi girma don kada wani ya leƙo ya gani, 'ya'yana kuma suna kallo suna lissafi. Duk wadda na ɗan buɗe wa ciki amsarta ɗaya: "Ki yi haƙuri, lada kike samu. Maraya amana ne." Na san amana ne. Saboda amanar nake kuka.

Malam kuwa, in ya kalle ta fuskar ƙanwarsa yake gani. In na fara magana sai ya ɗauki buta. "Ke dai ki ƙara haƙuri," shi ke nan. Ban ga laifinsa ba, shi ma makoki yake yi, amma mun kai lokacin da hirarmu ta dare ta ƙare gaba ɗaya. Mun yi abin da aka saba: rubutu, tofi, sadaka. Na ɗauki katin inshorar lafiya na kai ta asibiti a kan fitsarin kwancen, aka auna, aka ce jikinta lafiya lau.

Ranar da ta ɓace, ranar Juma'a ce. Muka zagaye Aboabo, Asawase, Sawaba, aka yi cigiya a lasifikar masallaci. Sai bayan la'asar wani direba abokin Malam ya kira ya ce a zo tashar motocin Yeji. Wata mai koko ce ta lura da ita ta zaunar da ita. Da na isa, tana riƙe da ƙulli a bakin zaninta: tsabar kuɗin gwangwanina, da busasshen burodi. Na durƙusa na ce, "Ina za ki?" Ta ce, "Zan kai wa ƙanina. Ba ya cin abinci sai na ba shi."

Ƙaninta ɗan shekara huɗu ne, an bar shi a Salaga wurin kakarsu ta wajen uba. Duk tsawon jinyar mahaifiyarsu ita ke goya shi, ita ke ba shi a baki. Da dattawa suka zauna, rabon nauyi suka yi tsakanin dangi biyu, wannan ya ɗauki ɗaya, wancan ya ɗauki ɗaya, suna ganin adalci suka yi. Ba wanda ya tuna cewa a cikin kwana arba'in yarinyar ta rasa uwa, ta rasa gida, ta rasa yaron da take ɗauka nata ne.

Na so a ce sanin dalili ya gyara komai. Bai gyara ba. Tausayinta ya ƙaru a raina, gajiyata ba ta ragu ba. Muka roƙi a ba mu yaron ma, duk da ƙuncin ɗakin, dangin ubansa suka ce ɗa namiji ba ya barin gidan ubansa. Muka fara kiran waya kowace Juma'a su gaisa. Ranar takan wuni da fara'a, washegari kuma ta fi da rikici.

Akwai wata a ƙungiyar adashinmu da ke aiki a sashen jin daɗin jama'a na gwamnati. Ita ce mutum ta farko da ta zaunar da ni ta ce, "Hajiya, na ji labarin yarinya. Ke fa, yaya kike?" Na buɗe baki in ce lafiya, sai kuka ya riga ni. Daga baya ta bayyana mini yadda abin yake a hukumance. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta san da riƙo, ta ce mai riƙo ya zama ya haura shekara 21, mai mutunci da riƙon amana. A 2018 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman: ana bincikar mutum da gidansa, a ba shi horo kafin a damƙa masa yaro, ma'aikaci kuma yana zagayowa ya ga yadda zama yake. In zaman bai yi ba, ana sake duba lamarin, a nemo inda ya fi wa yaron. Ta ce abin da nake gani, ɓoye abinci da fitsarin kwance da gudu, sanannun alamu ne ga yaron da aka raba da wanda ya shaƙu da shi, kuma a aikinsu suna ƙoƙarin kada a raba 'yan'uwa.

Ba ina cewa ofis ya fi dangi ba ne. Riƙonmu ya raya mutane da yawa, ni ɗaya ce daga ciki. Amma gwaggona ta riƙe ni a babban gida mai mata biyar, in ta gaji akwai mai karɓa. Yau mace ɗaya ce a ɗakin haya da kasuwa a kanta, kuma al'adar ba ta canza ba: muna da fatihar farawa, ba mu da zaman da za a dawo a tambaya ko abin yana tafiya. Duk wadda ta ce bai tafi ba, sunanta muguwa har ta mutu. Na san mata a unguwar nan da suka haɗiye, suka ci gaba da riƙo da baƙin rai, yaran suka tashi a gidan da ake ciyar da su ba a murna da su. Wannan ba alheri ba ne ga maraya, ko da mutane sun yaba.

Na je wurin malamin makarantarsu, dattijo ne mai sauƙin kai. Na faɗa masa komai, har da jan ƙafar da nake yi. Ya yi shiru, sannan ya karanta mini ƙarshen Suratul Baƙara, inda Allah ya ce ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Ya ce kula da maraya ba lallai sai a ƙarƙashin rufinka ba. Kuɗin makarantarta, suturarta, maganinta, ziyara, duk kulawa ce. Abin dubawa shi ne inda yarinyar za ta samu natsuwa. Ya ce in tambaye ta.

Na tambaye ta da dare, muna tsince wake. Na ce, "In aka ce ki zaɓa, nan ko Salaga?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Anti, ba ki yi mini komai ba. Ni dai wurinsa nake so." Na daɗe ina jiran kalma mai laushi daga bakinta, kuma da ta zo, tare da sallama ta zo. Sauƙi ya sauko mini, da kunyar jin sauƙin, da wani kishi da ban san ina da shi ba, duk a lokaci ɗaya.

Malam ya ɗauki kwanaki bai ce uffan ba. Rannan bayan isha ya zauna a bakin gado ya ce, "Na yi wa ƙanwata alkawari a bakin kabarinta." Na ce, "Malam, alkawarin ka kula da ita ne, ko ka ajiye ta a Kumasi?" Bai amsa ba, amma washegari ya kira yayansa. Aka tsayar da magana cewa bayan ƙaramar Sallah za mu kama hanya, Ejura, Atebubu, Yeji, mu tsallaka ruwa a jirgi zuwa Makango, a sake zama da dangin biyu.

Kafin Sallar ta zo labari ya riga mu isa. Surukata ta kira, ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "To, 'yar nan, kin gaji da jinina ke nan?" Abin da na ce mata, da yadda zaman Salaga ya kaya, da sharaɗin da kakar yarinyar ta gindaya wanda ba mu zata ba, su zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.