Miyar Zaƙi da Tsami: Sana'ar da Na Ɗauko a Bakin Kasko a Guangzhou

Da wuya mako ya wuce ba a samu wanda zai ɗauki kwalbar miyarmu ya ɗaga ta sama yana haskawa, sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa ba ta yi ja jawur ba kamar wadda ya saba samu a cikin 'yar roba idan ya sayi soyayyar shinkafar Sinawa. Amsata ba ta canzawa: jan da yake nema daga kwalbar kala yake fitowa, mu kuwa ba ma ajiye kala a madafarmu. Tamu launinta tsakanin ja ne da ruwan goro, tana da sheƙi, kuma idan aka tsoma cokali aka ɗaga sai ta lulluɓe bayansa ta riƙa sauka a hankali.

Ban je ƙasar Sin don koyon girki ba. Maigidana na Kantin Kwari ne ya tura ni Guangzhou in riƙa duba masa yadi kafin a loda a kwantena, na kuma zauna a unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suke da yawa, Musulmin ƙabilun Hui da Uygur kuma suke da gidajen abinci na halal. A ɗaya daga cikinsu na saba da wani dattijo ɗan Hui wanda ya daɗe yana girki irin na mutanen Guangdong, lardin kudu da Guangzhou take ciki. Sanannen abincin lardin da ake yi da wannan miya, wato gulaorou, da naman alade ake yin sa, shi kuwa dattijon da kaza yake yi, kuma ba ya zuba giyar shinkafar Shaoxing da sauran masu girki suke jiƙa nama da ita. Na ci sau ɗaya, na dawo washegari, daga nan na fara tsayawa a ƙofar madafarsa ina kallo, har wata rana ya gaji da ni ya miƙo mini kasko ya nuna mini wurin wanki. Na yi watanni ina wanke masa kasko da daddare kafin ya yarda na taɓa ludayinsa.

Shifu nake kiransa, kamar yadda yaransa suke yi, ma'ana malamin sana'a. Ba shi da ma'auni sai wannan ludayi guda: da shi yake ɗibar mai, da shi yake ɗibar sukari da khal (ruwan tsamin girki da ake kira binega), da gefensa kuma yake ɗanɗanawa. Ranar da na fara haɗa miyar da kaina ya lasa, ya ce "tai tian le", wato zaƙi ya yi yawa, ya juye ta a magudanar ruwa ba tare da ya dube ni ba. Haka ya yi mini har sau uku. Abin da na fahimta daga baya shi ne tsami ne ya kamata ya fara taɓa harshe, zaƙi ya biyo shi ya kwantar da shi, gishiri kuma ya tsaya a baya inda ba a lura da shi sai idan babu shi. Harshen Bahaushe da ya taso da shayi mai sukari cokali huɗu yana ɗaukar lokaci kafin ya yarda da wannan tsari.

Sinawa suna kiran wannan haɗi tangcu, wato sukari da khal, kuma kowane yanki da irin nasa. A Zhenjiang ta lardin Jiangsu suna da baƙin khal na shinkafa mai danƙo, a Shanxi kuma da dawa ake yin nasu, irin dawar da muke tuƙa tuwo da ita, shi ya sa miyar waɗannan wurare take fitowa da duhu, babu abarba a cikinta. Mai haske da abarba da tattasai ta kudu ce. A da mutanen Guangdong da 'ya'yan itatuwa masu tsami suke samar mata launi, daga baya matsen tumatir na kwalba, wanda ake kira kecaf, ya shigo madafun Hong Kong ya zauna. 'Yan lardin Guangdong ne suka fi yawa cikin Sinawan da suka tafi Amurka neman zinariya daga 1849, suka kuma yi aikin layin dogon da aka kammala a 1869, kuma a gidajen abincin da suka buɗe a can ne miyar ta ƙara zaƙi da ja da kauri don ta dace da bakin masu saye. Wannan ta ƙarshen ce duniya ta sani a matsayin miyar abincin tafi da gidanka. Ni na tsaya a tsakiya: na ɗauki abarba da tumatir, na bar kala da tulin sukari.

Ba na ɓoye yadda ake yi, domin wahalar ba a jerin kayan take ba. Mai son yi wa iyalinsa a gida ya sami kofi ɗaya na ruwan abarba da aka matse aka tace, da sulusin kofi na khal ɗin shinkafa, ko farin khal idan bai samu ba, da kusan rabin kofi na sukari, da babban cokali uku na kecaf, da cokali ɗaya na soya sos (ruwan ɗanɗano mai gishiri na waken suya) mara kauri. A ɗan soya dakakkiyar tafarnuwa da ɗanyar citta a cikin mai kaɗan har ƙamshi ya tashi, kada a bari su yi ja domin ɗaci suke kawowa, sannan a zuba ruwan abarba da sukari da kecaf da soya sos a bar su su tafasa. Khal kuwa ina raba shi biyu, rabi a farko, rabi bayan an rage wuta, saboda ƙarfinsa yana bin tururi idan ya daɗe yana tafasa, kuma wanda ya zuba shi duka tun farko zai sauke ruwan alewa.

Wurin sitaci ne ake gane wanda ya iya. Cokali ɗaya da rabi na sitacin masara ake damawa da ruwan sanyi cokali biyu, kuma dole a sake motsa shi da yatsa daidai lokacin zubawa, domin yana kwanciya a gindin kofi cikin ɗan lokaci. Ana tsiyaya shi siriri a cikin miyar da take tafasa, hannu ɗaya yana zubawa, ɗayan yana juyawa. Da farko miyar za ta yi gajimare kamar an zuba mata madara, mai gaggawa ya ɗauka ya ɓata aiki ya ƙara wani abu, amma idan aka yi haƙuri ƙasa da minti ɗaya sai gajimaren ya washe, kumfar tafasa ta koma manya masu fashewa a hankali, fuskar miyar ta ɗauki sheƙi kamar an shafa mata mai. A nan ake saukewa. Idan aka ci gaba da dafawa, zafi da tsami za su karya sitacin, miyar ta sake tsinkewa. Shifu ba ya duba agogo. Sautin tafasar yake saurara, kuma sai da na dawo Kano na buɗe tawa madafar kafin kunnena ya fara jin abin da yake ji.

Masu kwaikwayo ba su san wannan ba, ba su kuma damu su sani ba. Ruwa ne da sukari da jar kala da garin tsami na leda, a kaɗa da sitacin rogo har ya yi yauƙi kamar kuka, a ɗura a roba a liƙa takarda mai rubutun Sinanci da su kansu ba su san me take cewa ba. Rabin kuɗin tamu suke sayarwa, sai mai saye ya zo mini da farashinsu a bakinsa. Wata Hajiya da ta zo yin odar biki ta ce mini, "Malam, ai ruwan sukari ne da tumatir, a rage mana mana." Na ce, "Hajiya, ki ɗanɗana tukuna." Ta lasa, ta yi shiru, ta sake lasa, sannan ta ce duk da haka a rage. Ban rage ba, ta kuma saya.

Masu kawo kaya su ma da nasu. Akwai wanda ya daɗe yana kawo mini farin khal a jarka, rannan na haɗa tukunya guda bisa ma'aunin da na saba, na ɗanɗana na ji tsamin ya gudu. Khal ɗin girki yawanci ƙarfinsa kashi 5 cikin 100 ne, wannan kuwa an sha shi da ruwa, ya kuma rantse mini cewa haka ya zo masa. Tun daga ranar ba na karɓar khal sai a kwalba mai hatimi, kuma kowace sai na buɗe na lasa kafin ta shiga tukunya. Wasu abokan ciniki kan tambaya ko khal ya halatta, sai in tuna musu da hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Abarba ma da kaina nake zaɓa, nunanniya wadda ƙamshinta yake fita ta gindi.

Kazar da muke haɗawa da miyar sau biyu ake soya ta. Ana yanka tsokar cinya ƙanana, a jiƙa da gishiri da citta da ƙwai, a birkiɗa a sitaci, a soya a matsakaicin zafi har ta nuna, a tsame ta huta, sannan a mayar da ita cikin mai mai zafi sosai na ɗan lokaci don ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras. Albasa da koren tattasai da gutsattsarin abarba wuta kawai suke gaisawa da ita. Haɗa kaza da miya kuwa aikin daƙiƙu ne, a juya sau uku ko huɗu a kasko a juye a faranti. Saboda haka ne duk odar da za ta fita muke ba da miya daban, kaza daban. A wani biki an juye miyar a kan kazar tun da azahar, baƙi ba su ci ba sai bayan isha'i, washegari aka kira ni ana ƙorafin kaza ta yi laushi kamar burodin da ya faɗa shayi. Yanzu da hannuna nake rubuta gargaɗin a murfin kowace roba.

Ba ma zuba maganin hana lalacewa, don haka kwalbar da aka buɗe mako guda take yi a firij, kuma idan ta kwana biyu aka ga ɗan ruwa ya taso a samanta, halin sitaci ne, a ɗumama a ƙaramar wuta ana juyawa za ta dawo daidai. Da yanayin wutar lantarkinmu ba na yarda in tara kaya, shi ya sa Litinin da Alhamis kawai muke ɗora tukunya, gwargwadon odar da ta shigo kafin magaribar daren da ya gabata.