Yadda na gwada lambar 2,147,483,647 da laftof ɗina

Ina koyar da lesin ɗin lissafi da yamma a Samaru, wani yaro ɗan aji shida ya ce Malam wai me ya sa a wasu gem ɗin waya kuɗin mutum ba ya wuce 2,147,483,647? Na ce masa ai 2 fawa 31 ce (wato a jera 2 guda 31 a ninka su) a cire 1, iyakar abin da gurbin kwamfuta mai bit 32 (kowane bit 0 ne ko 1) ke riƙewa kenan in an ware bit ɗaya don alamar ragi. Na ƙara da cewa firam ce, ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Ya ce sai ya gani da idonsa, to ni ma a littafi na karanta, shi ne na zauna na gwada.

Hanyar farko ta kowa ce, ka yi ta rabawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba sai ka je ƙarshe ba, kana kaiwa 46,340 ka tsaya domin nan ne tushenta, wato lambar da in ta ninka kanta za ta kusan ba da ita. Furogiram ɗin da na rubuta da Python ya gama kafin in ajiye kofin shayi, amma fa masanin lissafi Euler da hannu ya tabbatar da ita a 1772, ba lantarki ba kalkuleta. Dabararsa ce ta burge ni wallahi, ya lura duk firam ɗin da zai raba ta dole in an raba shi da 248 ragowar ta zama 1 ko 63, sauran duk ya watsar.

Nan na gane siffar lamba ta fi girmanta muhimmanci. Wannan daga dangin Mersenne take, wato 2 fawa p a cire 1, ita ce ta takwas a jerin firam ɗinsu, kuma ita 31 ɗin kanta 2 fawa 5 ce a cire 1. Amma kar ka ɗauka duk p firam zai haifi firam, 11 ta ba da 2047 wanda 23 sau 89 ne.

Dangin nan suna da gwajinsu daban, Lucas-Lehmer. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta ka cire 2, ka riƙe ragowar in an raba da lambarka, ka maimaita sau p cire 2. A allo muka yi da ƙaramar lamba 31, wadda p ɗinta 5 ne: 4, 14, 8, sai 0, sifili ya fito to firam ce. Babbar tamu mataki 29 kacal ta ci maimakon dubban rabawa.

Shi ya sa kusan duk manyan firam da aka sani 'yan gidan Mersenne ne. Wadda Luke Durant ya gano a Oktoban 2024 ta GIMPS, shirin neman firam ɗin Mersenne ta intanet, 2 fawa 136,279,841 a cire 1, tana da alƙaluma sama da miliyan 41. Wannan kam ban taɓa ta ba, da irin wutar da muke samu a unguwarmu batir zai riga ta mutuwa. Na tsaya a 2 fawa 127 a cire 1, mai alƙaluma 39, wadda masanin lissafi Lucas ya tabbatar da hannu a 1876, ita ma sifili ta ba ni.