Kwamfutar da 'yan damfara suka shiga: abin da na koya a teburin gyara

Tun da na ajiye aikin gyaran kwamfuta, abu ɗaya ne bai bar raina ba, wato yadda muke sallamar na'urar da 'yan damfara suka riga suka shiga. Dokar oga ita ce a sa manhajar tsaro ta bincika, in ta nuna lafiya lau a miƙa wa mai ita, a karɓi ta gaba.

Wata baiwar Allah ta kawo tata jiki na rawa. Gargaɗi ne ya rufe mata allo, da ƙara, da lambar waya, wai daga Microsoft. Ta kira. Suka sa ta sauke AnyDesk, manhajar da ke ba mutum damar sarrafa kwamfutar wani daga nesa, suka buɗe Event Viewer, wato inda Windows ke ajiye bayanan abubuwan da ke faruwa a cikinta, suna nuna mata jajayen alamomin da ko lafiyayyar kwamfuta ba ta rasa su, ita kuwa tana zaune tana kallon kibiyar allo na yawo da kanta. Na ce: "Oga, a kwashe mata takardu da hotuna, a goge komai, a sake ɗora Windows." Ya ce ɓata lokaci ne, bincike ya fito fes.

To ai dole ya fito fes. AnyDesk da takwararta TeamViewer halastattun manhajoji ne, kuma kare ba ya yi wa wanda mai gida ya shigo da shi haushi. In ɓarawon ya saita wa kansa kalmar sirrin shiga ba tare da neman izini ba, duk sanda aka hau intanet hanya a buɗe take. Haka kuwa aka yi. Da matar ta dawo an taɓa mata asusu, a gabanta da gaban abokan aiki oga ya ce sakacina ne. Har na bar wurin bai janye maganar ba.

Daga ranar, duk irin wannan kwamfutar da ta biyo ta hannuna sai na fara raba ta da intanet. Kalmomin sirri kuma a wata na'urar daban ake sauya su, a fara da na imel, domin ta nan ake sake buɗe sauran asusun. A leƙa saitinsa ko an sa yana tura kwafin saƙonni wani adireshi, ko an canja lambar dawo da asusu. Nan ne mutane suka fi mantawa. Duk kalmar sirrin da aka adana a burauza, a ɗauka ta fita. Sannan a goge na'urar, ko ran wa zai ɓaci.

Banki, a kira shi da lambar da ke bayan kati. A kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida, kamar lambar da ake turowa waya, kafin a shiga asusu. Wanda ke kan Windows 10 ya sani Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025, kuma saƙonta na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya.

A kuma gaya wa mai na'urar 'yan damfarar za su sake kira, wannan karon da sunan masu dawo masa da kuɗinsa. Kada ya ɗauka.