Tsire mai suna uku

Laraba, 21 ga Fabrairu, 2024, Jidda

Gobe babu dawam, wato ba a zuwa aiki, hutun Ranar Kafuwa ne, wanda Saudiyya ta fara yi a 2022 don tunawa da 1727, shekarar da Imam Muhammad bin Sa'ud ya hau mulkin Dir'iyya. Shi ya sa mudir, wato manajanmu, ya ce yau kowa ya zo da abincin garinsu, a shimfiɗa leda a sito bayan azahar a ci tare. Mu goma sha huɗu ne, daga ƙasa bakwai.

Tun Litinin nake zullumi. Iyali na Kano, ni kuwa girkina bai wuce taliya da ƙwai ba. Dole na kira Gwaggo a unguwar Karantina, nan Jidda. Ta ce, "Kai dai kawo cefane, ɗan nan, kada ka je ka ba mu kunya gaban Larabawa." Kukarta da daddawarta 'yan Umara ne suke kawo mata daga gida, ba ta yarda da ta kanti. Da asuba na biya na ɗauki kula biyu, tuwon shinkafa da miyar kuka, ga kuma tsire da ɗanta ya gasa, an naɗe shi a takarda, mai ya fito ta baya.

Kuskurena ɗaya: na zuba miyar a injin ɗumama abinci na ofis. Minti biyu ba a yi ba daddawa ta bi iskar esi ta gaida kowa har ofishin mudir. Akantanmu Bamisire ya fito ya toshe hanci, yana tambaya ko wani abu ne ya mutu a bayan firji. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wanda ya cece ni ɗan Filifin ne mai tuƙa injin ɗaga kaya. Ya sunsuna, ya ce ai wannan ƙanin bagoong ɗinsu ne, wato jatan lande da ake tsumawa da gishiri. Malmala biyu ya tashi da ita, da cokali, Allah ya shirye shi.

Mudir Banajade ne, mutumin yankin Najad, ya kawo jarish, alkama ce ɓarzajjiya da aka dafa da nono har ta yi laushi, aka zuba soyayyar albasa a kai. Sau uku yana gaya mana cewa tun farkon 2023 hukuma ta ayyana shi abincin ƙasa. Na ci, ya yi mini kama da fate wanda aka manta ba a sa masa yaji ba, amma ban faɗa ba, iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take. Akwai biryani na 'yan Kerala, da koshari, da mandi. Duk sun yi.

Rigima a kan tsiren ta tashi. Ina buɗe takarda, shugaban direbobinmu, haifaffen Makka, ya ce, "Allah! Sire! Ya Hajji, mun ce abincin garinku, ka kawo mana namu?" Wai tun yana yaro ake aikensa sayowa a Shara Mansur. Kafin in buɗe baki, Basudanen da muke lissafin kaya tare ya tsoma nasa: "La la, ya zol, wannan agashe ne, ɗan Sudan ne tsantsa." Suka kama musu, ni mai nama ina zaune a tsakiya kamar baƙo.

Da suka lafa na tambayi Basudanen ma'anar agashe da Larabci. Shiru. Na ce to a wurinmu magana ce cikakkiya: a gashe, wato a kan wuta ya gasu, ba a soye ba, ba a dafe ba. Sire kuma tsire ne da harshe ya gaza furta farkonsa. Na ɓare tsinke ɗaya na nuna musu garin ƙuli-ƙulin da ya manne jikin naman, ga citta, ga barkono. Kakanninmu da suka yi shekaru a hanyar Hajji da ƙafa, suna noma a Sudan su tara guzuri kafin su tsallake Bahar Maliya, ba jakar tufafi kaɗai suka ɗauko ba. Wasu ma ba su ƙarasa ba, ga Mai Wurno can kusa da Sinnar, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ɗan Makka ya yi dariya ya ce to ai shi ke nan, kyaftin ɗinsu ma a gasar kofin duniya ta 2018 Usama Hausawi ne, nama da ƙwallo duk mun ƙwace.

Basudanen bai yi dariyar ba. Yana ta juya tsinke a hannu. Can ya ce a unguwarsu a Wad Madani wani tsoho Bahaushe ne yake gasawa bakin titi bayan magariba, shi yake aiken yaransa wurinsa duk lokacin da ya je hutu. Tun Disamba da yaƙi ya shiga garin iyalinsa suka fita, suna Gadarif a ɗakin aro. Tsohon kuwa babu wanda ya san inda ya nufa. Wata takwas muna tebur ɗaya da mutumin nan, ban taɓa tambayarsa garinsu ba. Na tura masa sauran takardar gabansa. Da za a tashi na ga ya karkaɗe ragowar yajin a 'yar leda ya sa a aljihu.

Bayan isha Gwaggo ta kira. Ba ta tambayi ko an yaba ba, murfin kularta take nema, shuɗin. Na duba mota babu. Yana sito ke nan, kuma ba za a buɗe ba sai Lahadi.