Ramin farar ƙasa a gonar Baba

Rani uku na yi ina haƙar farar ƙasa a ƙarshen gonar mahaifina, a gefen Ƙanƙara. Duk wanda ya san kudancin Katsina ya san ta: fara sol, in ka murza ta tsakanin yatsu sai ka ji santsi kamar hoda. Masu tifa ke zuwa su saya, su kai wa kamfanonin fenti da alli da tangaran.

Da haƙar rijiya muka fara, don ta fi saurin kai mutum ga farar. A nutsa ƙasa da diga, a riƙa jawo kaya da guga da igiya, in an taras da ita sai a bi ta gefe a kwance. Ba katako ko ɗaya da muka tokare rufin da shi. Ruwan farko na zuba, wani ɓangare ya rufta da daddare, shebur biyu da kwanon sarki suka tafi a ciki. Allah Ya sa ba kowa a ƙasa. Washegari na ce an daina shiga, muka koma buɗaɗɗen rami, muna yanka bangon hawa-hawa kamar matakala.

Kuskurena babba tun ranar farko na tafka shi. Baba ya zo ya tsaya bakin ramin, ya ga mun tara ƙasar sama da marmara da tsakuwa tsibi ɗaya.

"Kai, wannan baƙar ta sama ku ware ta daban."

"Baba, ai duk ƙasa ce."

"Kakanka ne ya yi ta da kashin shanu," ya ce, ya juya ya tafi.

Kaurinta bai wuce taƙi biyu ba, amma a cikinta gero ke ci. Da farar ta yi ƙasa muka mayar da tsibin cikin ramin yadda ya zo, na shuka gero. Ya tsiro rawaya, bai kai gwiwa ba ya tsaya. Ruwa kuma ya riƙa kwanciya a tsakiya, domin cikon ya lotsa. Sai da na sake ciko bayan damina, na ɗan tudunta shi, na roƙi Fulani su kwana da shanunsu a wurin rani biyu, na riƙa jido shara da toka a amalanke. Wake na fara sawa kafin na koma gero.

A lokacin ne na samu labarin cewa dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai haƙa nauyin gyara wurin da ya ɓata, kuma ma'adinin kansa na Gwamnatin Tarayya ne ko da a gonarka yake. Mu dai farar ƙasa ce, ba ta da dafi. Maƙwabtanmu na Zamfara da suka riƙa niƙa dutsen zinare a cikin gida, gubar dalma ta kashe musu yara sama da 400 a 2010, kuma a ƙauyen Bagega sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa. Har yau in na tuna yaran nan jikina yakan mutu.

Na dasa gawo huɗu a bakin tsohon ramin, akuya ta cinye ɗaya. Bana na samu dami shida a inda Baba ke ɗaukar goma sha biyar.