Takardar gwajin da na ɓoye wata biyar a ƙarƙashin katifa

Ƙannena, musamman ku da kuka zo Legas neman na kanku, ga abin da ya same ni a 2019, ko Allah zai sa ya hana wani maimaita shi.

Lokacin ina da shekara 28, ina dakon buhunan albasa a kasuwar Mile 12, ina kwana a Agege. Wani kamfani a Apapa ya nemi direbobi, aka ce sai an yi gwajin jini. Da sakamako ya fito, na ga an ja layi a wurare biyu: ALT 71, AST 58, alhali a gefe an rubuta kada su wuce 40. Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, na hanta ne, ka kai wa likita." Kalmar hanta kaɗai ta shiga kunnena. Kawuna ya rasu da kumburin ciki, idanunsa sun yi rawaya, abin da a gida ake kira ciwon shawara. Nan take na yanke wa kaina hukunci.

Ban kai wa likita ba. Na naɗe takardar na tura ƙarƙashin katifa, kullum dare ina duba waya, duk abin da na karanta sai na ji alamarsa a jikina. Na ware kofina da cokalina, na daina sa hannu a faranti ɗaya da abokan ɗakina, na ce musu gyambon ciki ke damuna. Har maganar aurena na ɗage ba tare da na faɗi dalili ba, kuma wannan ne ya fi min ciwo har yau, don yarinyar ta ɗauka na canza ra'ayi.

Mafi munin kuskuren shi ne neman "wankin hanta". Na sayi agbo, jiƙon gargajiya na Yarbawa, wajen masu talla, na haɗa da jiƙon wani mai magani a tasha, safe da yamma ina ɗirkawa. Ban san me ke ciki ba, kuma duk abin da mutum ya haɗiya, hanta ce ke aikin tace shi. Wato wadda nake cewa ta gaji, ita na ƙara wa kaya.

Ƙanina ne ya tsinci takardar, ya matsa sai da muka je asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba. Aka sake gwaji, ALT ya hau 96. Na ce, "Likita, ta gama lalacewa ko?" Ta ce in kwantar da hankalina. ALT da AST sinadarai ne da ke cikin ƙwayoyin hanta, idan ta ɗan wahala sai su zubo cikin jini. Suna nuna akwai abin da ke taɓa ta, amma ba su faɗin mene ne. Kitse a hanta na ɗaga su, haka zazzaɓin cizon sauro, giya, wasu ƙwayoyin magani da jiƙe-jiƙe. AST ma akwai shi a tsoka, don haka mai ɗaukar buhu nasa kan iya hawa. A kumburin hanta mai tsanani, in ji ta, lambobin kan kai ɗaruruwa, har dubu.

Sai ta tambayi abin da nake sha. Na lissafa farasitamol na ciwon jiki, biyu-biyu har sau huɗu ko biyar a rana, ga maganin mura wanda shi ma da farasitamol a ciki. Iyakar babban mutum giram 4 ne a rana, ƙwaya takwas ke nan masu miligiram 500, ni kuwa na saba wucewa. Aka yi gwajin da ya kamata in yi tun ranar farko, HBsAg na ciwon hanta nau'in B, da na nau'in C, duka babu. Ta ce in ajiye komai in dawo bayan wata biyu. Na dawo, ALT 34.

Ga wurin da nake so ku fi riƙewa. Likitar ta ce tunda ƙanina ya zo, shi ma a gwada shi. Shi da ba ya ciwon komai, lambobin hantarsa daidai suke, nasa HBsAg ɗin ya nuna akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Cutar kan zauna shekaru ba ta ce uffan ba. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ita, kuma sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin allurar jarirai. In an haife ka kafin nan, ƙila ba a yi maka ba. Ni allura uku na yi cikin wata shida.

Ba ta gumi ake ɗauka ba, ba ta musabaha ko cin abinci tare ba. Ta jini ce, da saduwa, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Shi ya sa nake cewa ku sayi injin askinku, kada ku bar mai yankan farce ko wanzami ya taɓa ku da rezar da ba a gabanku aka buɗe ba.

Ƙanina an sake gwada shi bayan wata shida, an auna yawan ƙwayar a jininsa, aka ce bai kai ga shan magani ba tukuna, sai dai dubawa a kai a kai. In buƙata ta taso akwai tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana. Faranti ɗaya muke ci da shi har gobe. Auren nan kuma an ɗaura, bayan na je na faɗa mata gaskiya. Da aka haifi 'yarmu, ban bar asibitin ba sai da na ga an yi mata allurar rigakafin cikin awa 24 na farko.