Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Riƙe Sandar Walda

A kashin da ya wuce na tsaya da labarina inda na ajiye kakin soja, na dawo gida Maradi da akwatin ƙarfe guda. Tun daga horon Tondibiya har zaman da muka yi a Diffa da Bosso, ban taɓa farkawa na rasa abin da zan yi da wunina ba. Sai ga shi ina sallar asuba, in koma tabarma ina sauraron kabu-kabu suna wucewa. Kuɗin fansho kuwa, in ka sayi buhun hatsi ka biya na makarantar yara, sai ka fara ƙirga kwanakin wata.

Abokan da muka bar aiki tare yawancinsu gadi suka kama a ƙofar ƴan kasuwa. Ban raina gadi ba, halal ne. Amma na gaji da kwanan zaune.

Wani ƙanen uwargida ya kai ni wurin mai walda a unguwar Zariya. Maigidan wurin na girme shi da shekara kusan goma sha biyar. Ya dube ni ya ce, "Baba Soja, a nan fa yaro shara yake fara yi." Na ce, "Maigida, ba ni tsintsiyar." Tun daga ranar haka muke kiran juna. Sati uku ban taɓa inji ba. Ɗauko ƙarfe, riƙe awo, gurza tsatsa, shafa fenti.

Ranar da ya miƙo mini sandar walda, wadda muke kira baget, hannuna bai yi rawa ba, don ya saba riƙon abu cak. Amma sandar ta yi ta mannewa a jikin ƙarfen. Ya kama wuyan hannuna ya ce in ƙyasta ta kamar ashana, in ɗaga ta kaɗan, in saurari ƙarar. In tazarar ta yi daidai za ka ji kamar ana suyar ƙosai. In ta yi nisa sai tartsatsi da ramuka. Garin ɗoki na riƙa ɗage gilashin fuska don in ga aikina. Da tsakar dare na farka idanuna kamar an zuba musu yashi, hawaye na zuba, ko hasken tocila ba na iya kallo. Uwargida ta zauna tana ɗora mini tsumma mai sanyi tana cewa, "Malam, ka tsira a bakin Komadugu, kada ƙarfe ya makantar mana da kai." Ban ƙara ɗage gilashin nan ba, kuma duk yaron da na gani yana walda da tabarau na kasuwa sai na tsayar da shi.

Ina cikin koyo aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya biyo baya, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka rufe iyaka ta Ɗan Isa. Mai walda ba wuta, ai ya zama mai zaman benci. Muka koma ga janareto, muna tara aiki mu tayar da shi sau ɗaya. A nan tarbiyyar bariki ta yi rana: ni ke yanka, in jera, in sa wa kowane ƙarfe alama da alli, ta yadda in inji ya tashi ba a ɓata ko minti guda.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a Maradin nan akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, akwai cibiyoyin CFM na koyon sana'a, akwai asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a. Da a shekararsa ta ƙarshe ana tura soja ya koyi walda, ko aikin famfo, ko haɗa sola, yana kan albashinsa, da ba zai fito yana lalube da furfura a ka ba.

Ƙofar farko da na haɗa ni kaɗai ta wata hajiya ce a Bagalam. Da muka kai, sai ta ƙi shiga gurbinta da santimita biyu. Yadda muka ƙare da Maigida a kanta, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.